Wuta a Ƙofar Gidan Odagiri

Motar bas ɗin da ke hawa ƙauyen Nukutani ba ta taɓa cika ba ko a lokacin da garin yake gari, balle yanzu. Tun daga gadar ƙarshe Kinuyo ce kaɗai ta rage a ciki, tana zaune a bayan direba, ta rungume wani akwatin katako naɗe cikin farin ƙyalle. Mijinta ne a ciki. Teiji Odagiri, dogon mutumin nan da sai ya sunkuya kafin ya shiga ƙofar kicin ɗinsu a Osaka, ga shi yanzu an ƙone gawarsa, ƙasusuwansa sun shige ɗan tulun tangaran har da ragowar wuri.

Direban ya ga farin ƙyallen tun a tasha, ya cire hula ya sunkuyar da kai. Sai da suka fara hawan dutse, hanya na murɗewa tsakanin dogayen itatuwa, sannan ya dube ta ta madubi.

"Mama, gidan wa za ki?"

"Gidan Odagiri."

"Odagiri..." Ya juya sunan a baki, bai samo komai ba. "Ni dai mutum ɗaya nake ɗauka a can, Iya Toku, ran da za ta asibiti. Ki tambaye ta. Kai, ko ba ki tambaya ba ma za ta faɗa miki."

Ba yawon shan iska ya kawo Kinuyo ba. Watannin baya, a asibiti, da muryar Teiji ta shaƙe har sai an kai kunne, ya kama hannunta ya ce, "Ki kai ni gida. Ki kwantar da ni kusa da Inna." Ta ce to. Me za ta ce? Shekara arba'in da ɗoriya suna tare, bai taɓa kai ta garinsu ba. Abin da ta sani kaɗan ne. Ya bar Nukutani yana yaro ya tafi aikin masana'anta. Uwarsa ta rasu, labari ya same shi a makare, ya iso an riga an rufe ta. Yayansa ya yaɓa masa magana a ƙofar gida a gaban mutane, shi kuma ya juya, bai ƙara takowa ba. Yayan ma ya daɗe da rasuwa, ita da Teiji kuwa ba su haihu ba. Shi ya sa ta jira kwanakin Obon, lokacin da matattu kan dawo gidajensu su ɗan kwana biyu, masu rai kuma su zo su tare su. Ta ce ko banza za ta tarar da wani a gidan. Kuma can ƙasan ranta akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba: idan aka ba Teiji wuri a kabarin gidansu, ita ma ran da tata ta zo za a ɗan matsa mata.

Motar ta sauke ta a gaban wani kanti da ƙofarsa ta yi tsatsa a rufe, ta juya ta tafi. Da ƙarar injin ta ɓace, sai kukan gyare ya rufe ko'ina, da ruwa da ke gudu a kwalbatin gefen hanya. Zafi ne mai ɗanko, irin wanda ke manne wa mutum riga a baya. Ta bi hanya ɗayar da ke garin tana karanta sunayen da aka rubuta a jikin ƙofofi. Gida bayan gida tagogi a rufe da katako. Gonakin shinkafa sun koma ciyawa. A filin makaranta wani ƙarfen lilo ne kawai ya leƙo da kai daga cikin yaɗo.

Gidan Odagiri shi ne na kusa da ƙarshe. Yaɗo ya hau rufin ya sauko ta ɗaya gefen, gora ta fasa dandamalin zaure ta fito. Kinuyo ta tsaya a ƙofar da aka kori mijinta, akwatin na ƙara mata nauyi a hannu.

"In ɓarauniya ce ke, kin makara. Birai sun riga ki."

Ta waiwaya. Wata tsohuwa ce, bayanta ya lanƙwashe har kamar tana neman wani abu a ƙasa, tana tura ɗan keken hannu cike da kokwamba da baƙin yalo da damin karan rama. Idonta ya sauka kan farin ƙyallen, sai ta saki keken.

"Wane ne?"

"Teiji. Ni ce matarsa."

Tsohuwar ta goge hannu a jikin zanenta na aiki, ta matso, ta ɗora tafinta a kan akwatin kamar mai taɓa goshin yaro ta ji ko da zazzaɓi.

"Tei," ta ce. "Ɗan banza. Sai yanzu?" Ta ɗago ta ƙare wa Kinuyo kallo daga kai har ƙafa. "Ashe ke ce amaryar tamu. To sannu da zuwa, amarya. Kin daɗe a hanya, har gashi ya yi fari."

Ita ce Toku. Gidan baƙin garin ya rufe tuntuni, don haka ba a ma yi shawara ba, ta tisa Kinuyo a gaba zuwa gidanta. Ta zaunar da ita a tabarma, ta kawo shayi mai sanyi da kokwamba mai gishiri, bakinta bai huta ba. Ta girmi Teiji da shekara goma, ita ce ke goya shi in uwarsa ta shiga gona.

"Bayan nan nawa da kike gani, shi ya fara lanƙwasa shi. Ga nauyi, ga fitsari. Yana yi har yanzu?"

"Ya daina kafin mu haɗu, Iya."

"To kin ci riba."

Kinuyo ta yi dariya, ita kanta ta yi mamaki, don tun rasuwar ba ta yi ba. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Tana faɗa Toku ta daina tauna. Ta dubi akwatin, ta dubi waje.

"Sha shayinki," ta ce. "In kin gama mu hau. Gara ki gani da idonki."

Maƙabartar na kan tudu bayan haikali. Suka hau a hankali, Toku na dogara sanda tana tsayawa tana zagin gwiwoyinta. A sama duwatsun kaburbura na jere, kowane gida da nasa, wasu gansakuka ta cinye sunan. Amma jerin ya yi giɓi nan da can. Toku ta tsaya gaban wani giɓi. Fili ne ɗan ƙarami, an share an daidaita, ciyawa ta fara tsirowa.

"Nan ne."

"Ina dutsen?"

"Akinori, ɗan yayan mijinki, ya rufe kabarin bara. Ya ce daga birni zuwa nan tafiyar yini ce, ba zai iya ba. Malamin haikali ya yi karatu ya cire ran dutsen, mutane suka zo da ɗan injin haƙa, suka kwashe komai suka sauka da shi. Ba shi kaɗai ba ne, kin ga can, kin ga can. Yanzu har matattu birni suke ƙaura."

Kinuyo ta durƙusa a gefen filin. Ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙa cire ciyawa ɗaya bayan ɗaya, ba ta ma san tana yi ba, har Toku ta taɓa kafaɗarta.

"Tashi, amarya. Rana ta yi ƙasa, baƙi na hanya, ba mu yi musu dawakai ba."

A bakin zauren Toku suka zauna. Ana karya karan rama gida huɗu a soka wa kokwamba ya zama doki, don matattu su hau su zo da sauri. Ranar komawa kuma sai a yi musu saniya da yalo, ta tafi da su sannu sannu, ɗauke da tsaraba. Kinuyo ta san wannan tun tana yarinya, amma a bene na Osaka wa ke yi? Nata dokin ya fito da ƙafa ɗaya gajere.

"Wannan in Tei ya hau sai ya karye a hanya," in ji Toku. "Ba ni shi nan."

Kinuyo ta ga dawakan sun yi yawa, sun cika faranti.

"Iya, duk naki ne?"

"Nawa? Ni mijina ɗaya ne, shi ma da ƙyar na jure shi. Na maƙwabta ne."

Da magariba ta kawo kai suka fita da keken hannu. A ƙofar kowane gida da aka rufe, Toku sai ta tsaya, ta ajiye doki, ta tara karan rama a ɗan kasko, ta kunna. Ta kira sunan gidan da ƙarfi kamar mai sallama. "Mutanen gidan Hirose, ga wuta nan, ku shigo! Ku yi haƙuri da ƙura." Ta wuce na gaba. Hayaƙi ya riƙa tashi siriri a ƙofofin da ba mai buɗewa.

"Amma ai an kwashe su," Kinuyo ta ce.

"Dutse aka kwashe. Su in sun tashi dawowa gidan da suka sani za su nufa. Uwar Tei ko jirgin ƙasa ba ta taɓa shiga ba, ina za ta gane bene a birni? Ta zo ta tarar da duhu a ƙofarta, ta tsaya a hanya kamar baƙuwa? Ina raye dai a'a."

A ƙofar gidan Odagiri ta miƙa wa Kinuyo ashana.

"Wannan ba nawa ba ne bana. Gidan ya yi amarya."

Kinuyo ta ajiye akwatin a kan dutsen ƙofa, ta ajiye doki, ta durƙusa za ta kunna.

"Ke! Juya shi! Kin sa kansa waje, korar su za ki yi? Wanda ke zuwa gida cikin gida yake kallo."

Ta juya dokin da sauri, kunya ta kama ta kamar ƙaramar yarinya a gaban suruka. Wutar ta kama. Ta buɗe baki za ta kira, sai ta ga ba ta san kowa a cikinsu ba, ko fuskar mutum ɗaya.

"Inna," ta ce a hankali. "Ni ce Kinuyo. Na kawo shi."

Washegari malamin haikali ya zo a ƴar ƙaramar motarsa. Ba a garin yake zaune ba, haikalin kwaruruka da yawa ne a wuyansa, rigarsa duk gumi. Ya yi wa Teiji karatu a zauren Toku, ya saurari Kinuyo har ta gama, kansa a ƙasa. Mutum ne mai kirki, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ya ce filin an mayar wa haikali, ba a buɗe kabarin da aka rufe sai da yardar babban gida, kuma sai da wanda zai riƙa kula da shi. Ya tambaye ta ko tana da ɗa. Ta ce babu. Ya sake sunkuyar da kai. Sannan ya kira mata Akinori a wayarsa ya miƙa mata.

Muryar ta fito da ladabi, da ƙarar motoci a bayanta.

"Goggo, ashe Kawu ya rasu? Wayyo, ban ji ba. Ki yi haƙuri." Ya saurara. "Buɗe na ƙauye kam ba zai yiwu ba, Goggo, da ƙyar na samu aka rufe. Na nan kuma... ban san yadda zan faɗa ba. Ba kabari ba ne irin wanda kika sani. Ɗan gurbi ne a jikin bango, kamar durowa. Kaka na ciki, da Baba, da Kaka mace. Abin da ya rage na ni da matata ne. Da akwai wuri, wallahi..." Bai ƙarasa ba. "Ki yi haƙuri, Goggo."

"Ba komai," in ji ta. "Na gode. A gaida yara."

Ta miƙa wayar da hannu biyu. Malamin ya ce akwai babban rami na haɗaka a haikalin da ke ƙasan kwari, inda ake zuba waɗanda ba su da kowa, in tana so. Ta yi godiya. Da motarsa ta sauka tudu, Toku ta tsartar da yawu a lambu.

"A gaida yara," ta kwaikwaye ta. "Ke ko zagi ba ki iya ba?"

"Me ya yi, Iya? Bai taɓa ganina ba."

Ruwa ya sauko a ranar da ta biyo baya, ya wuni yana zuba. Hazo ya rufe duwatsu, garin ya ƙara shiru. Kinuyo ta ninke kayanta ta sa a jaka. Toku ta baje yalo a tabarma tana soka musu ƙafafu, don gobe ne komawar baƙi.

"Da motar safe zan bi," in ji Kinuyo. "Zan mayar da shi ya zauna a kan kabad, in riƙa share masa ƙura. Abu ɗaya ya roƙe ni duk zamanmu. Ko riga bai taɓa cewa in saya masa ba. Gidansa na nan, Innarsa na birni a cikin durowa, shi kuma yana hannuna."

Toku ta soka wa saniya ƙafa, ta cire, ta sake sokawa.

"Wa ya ce miki tana birni?"

"Ba ke kika ce an kwashe su ba?"

"An kwashe masu tulu. Uban Tei da yayansa, su an ƙone su, tulunansu na ƙarƙashin dutse, aka ɗaga aka ɗauka. Amma lokacin da uwarsa ta mutu ba ma ƙona gawa a garin nan. A zaune muke rufewa, a cikin gangar katako. Ni na ɗinka mata farar rigar, ni na taje mata kai. Mutanen nan da suka zo bara, ina tsaye a kansu, suka haƙa, suka haƙa. Ba ganga, ba ƙashi, sai baƙar ƙasa mai laushi. Ƙasar tudun nan cin mutum take yi. Sai suka ɗebi tafi ɗaya suka zuba a tulu, suka rubuta sunanta. Abin da ke birni ke nan, tafi ɗaya. Sauranta duk tana can inda kika durƙusa kina cire ciyawa."

Kinuyo ta ajiye rigar da take ninkewa.

"Iya, me ya sa ba ki faɗa ba tun shekaranjiya?"

"Don na san abin da za ki yi tunani, kuma ba abin da ake ba mutum shawara ba ne." Ta ɗago, idanunta sun yi ja. "Ki ji da kyau, amarya. In kika yi, ba tulu, ba dutse, ba suna. Malam ba zai sani ba, in ya sani zai shiga uku da mu. Zuba shi za ki yi ya gauraya, ba a sake tsince shi. Nan da ƴan shekaru gora za ta rufe wurin, ko ke kika zo sai kin yi nema."

Ruwa na ta bugun rufi. Kinuyo ta dubi akwatin a inda Toku ta ajiye shi, da ɗan kofin shinkafa a gabansa da turaren tsinke.

"Ni fa?" ta ce. Maganar ta fito mata ba ta shirya ba.

Toku ta gane. Ba ta yi mata ƙarya ba.

"Ke babu mai kawo ki."

Ba su ƙara magana a kai ba. Toku ta dafa taliya, suka ci, ta ba da labarin yadda Teiji ya taɓa faɗawa kwalbati yana bin kwaɗo, amma labarin bai yi daɗi ba, ita ma ta sani, ta bar shi a tsakiya.

Da safe ruwa ya ɗauke. Motar safe ta zo ta tsaya a gaban kanti, ta yi hon, ta jira, ta tafi. Kinuyo na jin ta daga zaure, tana ɗaura ɗankwali.

"Iya, ara min fartanya."

Suka hau. Ƙasa ta sha ruwa, fartanya na shiga ba wuya. Toku ta zauna a kan dutsen kabarin mijinta, ta ce ya saba ɗaukar nauyinta, ta riƙa nuni da sanda. "Matsa hagu. Nan kanta yake kallo. Ƙara zurfi, kada aladun daji su tone." Kinuyo ba ta taɓa riƙe fartanya ba, tafinta ya yi bororo, gumi na shiga mata ido. Jar ƙasa ta ƙare, baƙa ta fito, mai laushi, mai ƙanshin ganye.

"Ya isa. Ga ta nan."

Kinuyo ta kwance farin ƙyallen, ta buɗe akwatin, ta fito da tulun. A sama, kamar yadda ake jerawa, akwai ɗan ƙashin maƙogwaro, wanda aka ɗauka na ƙarshe ran ƙonawa. Toku ta leƙo.

"Riƙe wannan. Mutane na yi. Ki sa a ƴar kwalba ki tafi da shi, ran da kika mutu a haɗa ku."

Kinuyo ta ɗauke shi ta ɗora a tafinta. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ta daɗe tana kallonsa. Ta tuna yadda yake hawa yana sauka in Teiji na shan shayi da safe, yana karanta jarida, ba ya ce mata komai, ita ma ba ta bukatar ya ce.

"Cewa ya yi in kai shi gida," ta ce. "Bai ce in kai wani wajen in riƙe wani ba. An raba shi da ita sau ɗaya, ya isa."

"Taurin kai. Ashe shi ya sa kuka daɗe."

Ta sa shi a ramin da hannunta, sannan ta karkata tulun. Ƙasusuwan suka zuba da ƴar ƙara, fari a kan baƙi. Ta mayar da ƙasa da tafukanta, ta daddanna. Toku ta sa ta ɗebo ganye ta watsa a kai don kada a ga sabon haƙa. Da suka gama, wurin ya koma giɓi kamar sauran.

Toku ta sauko daga kan mijinta, ta dogara sanda, ta sunkuya wajen ƙasar.

"To ga ɗanki nan, ya iso. Ya makara kamar kullum. Kada ki yi masa faɗa da yawa."

A nan ne kukan ya zo wa Kinuyo. Ta kifa goshi a kan jiƙaƙƙen ganye ta yi ta yi, Toku na tsaye ba ta hana ta ba, tana dai korar sauro da hannu.

Da yamma suka zaga da shanun yalo. Kowace ƙofa a ɗauke doki, da ya riga ya yanƙwane, a ajiye saniya, a kunna wutar rakiya. A gidan Odagiri Kinuyo ta juya kan saniyar waje ba tare da an gaya mata ba.

"Af, amarya ta fara hankali," in ji Toku. "Saura a koya mata dafa miya."

Hayaƙin ya tashi ya bi hanya, ya nufi tudu. Suka tsaya har karan ya cinye.

Washegari Toku ta raka ta gaban kanti, ta cusa mata kokwamba a jaka har zik ɗin ya ƙi rufuwa. Akwatin na hannun Kinuyo, ta sake naɗe shi a farin ƙyallensa, don ba a barin irinsa a gidan mutane.

"Baɗi ki zo," in ji Toku. "Ba don ni ba, ni na gaji da ganinki. Gidanku ne, ke za ki kunna."

"Zan zo, Iya."

"Kowa haka yake cewa." Ta gyara riƙon sandarta, tana kallon hanya. "In kin zo kika tarar ƙofata a rufe, karan rama na rataye a bayan ɗaki, kasko na ƙarƙashin zaure. Ki fara da tawa. Ki kira da ƙarfi, kin san ba na ji sosai. Kuma doki mai ƙafa daidai, don Allah."

Kinuyo ta buɗe baki, motar ta iso.

Direban nan ne dai. Ya ga farin ƙyallen, ya sake cire hula ya sunkuyar da kai.

"Ba a dace ba, Mama?"

Ta zauna a bayansa, ta ɗora akwatin a cinya. Ba nauyi, har sai da ta riƙe shi da hannu biyu don kada ya zame in motar ta sha kwana.

"An dace," ta ce.

Ya dube ta ta madubi, ya dubi akwatin, bai ƙara tambaya ba. Ta waiwaya ta taga. Toku ta riga ta juya, tana tura kekenta a tsakiyar hanya, tana tsayawa ƙofa ƙofa tana kwashe kaskon toka.